Ambaliya: a tsare rumbun ƙungiya kafin ruwa ya zo

A shekarar 1945 Gulbin Maraɗi ya cika ya tumbatsa, ya cinye tsohon garin da ke cikin fadama. Bayan wannan ne aka mai da Maraɗi bisa tudu.

Ruwa kuwa bai bar halinsa ba. A watan Satumba na 2020 kogin Isa ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai. Madatsai suka ɓalle, ruwa ya shiga unguwanni da gonakin shinkafa. Daminar 2024 ta fi muni. Mutum fiye da 300 suka rasu a ƙasar Nijar, fiye da miliyan 1 suka yi asara, kuma jihar Maraɗi ce ta fi rasa rayuka. A Damagaram tsohon masallacin ƙasa ya rushe. Har buɗe lakwal sai da aka ɗaga zuwa 28 ga Oktoba, don masu hijira suna kwana cikin azuzuwa.

Ranar da ruwa ya shiga ƙauye, hanya takan yanke. Motar agaji tana iya yin kwanaki ba ta iso ba. Kafin nan ƴan gari ne ke ceton juna: samari, kwaperatib, bankin hatsi, ƙungiyar makiyaya, da asusun mata irin na Mata Masu Dubara, wanda aka soma a jihar Maraɗi a 1991. Su ne suka san gidan tsohuwar da ba ta iya tahiya. Su ne ke da hatsi kusa.

To, amma ruwa ba ya tsallake ƙungiya. Ma'ajiyar bankin hatsi da yawa ta ƙasa ce, wata ma a kwari aka gina ta don nan aka samu fili. In bango ya jiƙa ya faɗi, gero ya ruɓe, to abincin gari duka ne ya tahi, kuma a watan da rumbunan gida suka zama wayam.

Saboda haka aikin yana farawa tun da bazara. A yaɓe rufi, a gyara indararo, a haƙa hanyar ruwa kewaye da ma'ajiya. Buhu kada ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da bango. A jera shi bisa katako. In za a yi sabon gini, a nemi tudu, a sa harsashi na dutse da siminti.

Akwai abin da ake yawan mantawa, shi ne littahin ƙungiya. Cikinsa aka rubuta wanda ya zuba, da wanda ya ci bashi, da tiya nawa ta rage. Hatsi in ya lalace ana iya samun wani. Littahi in ya jiƙa, sai gardama ta tashi: wannan ya ce ya biya, wancan ya ce bai gani ba. Gardamar kuɗi kuwa tana watsa ƙungiya. A sa littahin cikin leda, a sa ledar cikin akwatin ƙarfe. Sakatare ya kwafi na biyu, a ajiye shi a wani gida. Ga amfanin yaƙi da jahilci ke nan.

Labari ma shiri ne. Gulbin Maraɗi daga Nijeriya yake fitowa, ya bi ta Jibiya da Madarunfa. Yana iya cika alhali ko ɗigo bai sauka a Tibiri ba. Ya kamata kowace ƙungiya ta sa mutum guda mai sauraren rediyo, mai riƙe da lambar wayar garuruwan da ke sama. A san tudun da za a taru, a san wanda zai ɗauki tsofaffi da yara. Makiyaya kada su kwana da bisashe cikin korama, ko da ta bushe.

Bayan ruwa ya janye, ma'aikatan gwamnati da na Kurwa Ruj suna zuwa ƙidaya. Garin da kwamitinsa ya riga ya rubuta gidajen da suka faɗi, da gonaki, da dabbobin da suka mutu, aikinsa ya fi sauri. A rubuta gaskiya, ban da ƙari. A sa asarar ƙungiya ita ma cikin takardar, a kai wa magajin gari.

Nan masu agaji su ma su lura. Shinkafa da bargo da gidan sauro na magidanta ne, kuma suna ƙarewa. Ƙungiya tana bukatar nata: kwanon rufi, jarin hatsi na sake farawa, irin noman rani, da maganin tsabtace rijiya, don ruwan ambaliya yana kawo amai da zawo. Wanda ya ci bashin asusu kuma gonarsa ta nutse, a zauna a taro a ɗaga masa biya zuwa girbin rani, a rubuta sabuwar ranar cikin littahi.