Ko Ka Sani? 'Yar Na'urar Tarho Mai Arha da Mitar Lantarki Ta Tona wa Asiri

A shekarar 2007 wata 'yar na'ura mai suna magicJack ta fito a Amurka, ƙirar Dan Borislow. Girmanta kamar kwalin ashana. Ka soka gefe ɗaya a kafar USB ta kwamfuta, ɗaya gefen ka jona tarhon gida mai igiya, shi ke nan muryarka ta bi intanet zuwa ko'ina a Amurka da Kanada. A lokacin, kuɗin saye kusan dala 40 har da hidimar shekarar farko, daga nan kuma kusan dala 20 a shekara. Mutanen da suka saba biyan kamfanin tarho fiye da haka duk wata suka yi mata caa.

Ita kanta na'urar ba ta da ci, domin kafar USB ta wancan zamani ba ta ba da fiye da wat 2.5. Kwamfutar ce mai haɗama. In aka kashe ta, ko ta yi barci, tarho ya kurmance, mai kira sai dai ya bar saƙo. Duk mai son a same shi kowane lokaci dole ya bar ta a kunne dare da rana.

To, a ɗauko alƙalami. Shekara awa 8,760 ce. Kwamfutar tebur mai jan wat 100 za ta sha yunit 876, alhali a lokacin yunit ɗaya a gidajen Amurka na kusan santi 11. Dala 96 ke nan, wato kusan ninki biyar na kuɗin layin. Kuma wannan kuɗi yana narkewa ne cikin takardar lantarki tare da na firiji da fitilu, ba wanda zai ce tarho ne ya ci. A yi adalci dai: wanda daman ba ya kashe kwamfutarsa bai ƙara komai ba, kuma laftof mai jan wat 20 ba zai wuce dala 20 ba.

A 2011 kamfanin na'urar ya fito da magicJack Plus, wadda ake jonawa a soket da akwatin intanet kai tsaye. Ko da irin wannan na'ura ta ja wat 5, yunit 44 ne a shekara, kusan dala 5. Sai dai in an ɗauke wuta ita ma shiru take yi, saɓanin tsohon layin tarho da ke samun bolt 48 daga baturan kamfanin tarho ta cikin igiyarsa.