Fatsa Mai Totuwa da Kwarkwaro Mai Murfi: Daga Kogin Trent Zuwa Gulbin Zamfara

A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, inda Gulbin Zamfara da Gulbin Ka suke ratsawa, ana ɗaukar fatsa a matsayin ƙaramar hanyar su. Masunta na gado, irin Sarkawa, sun fi dogara da taru da birgi da homa da mamari. Sanda da zare da ƙugiya ɗaya na yara ne da manomin da ke neman na miya. Duk da haka akwai ilimi a cikinta, kuma yana tattare ne a guntun totuwa ko yankin tsohon silifa da ake ɗaurawa a jikin zaren.

Aikin totuwar nan biyu ne. Tana riƙe tana ko wani abincin tarko a zurfin da kifi yake kiwo, sannan tana sanar da mai fatsa abin da idonsa ba ya gani. Idan ƙananan kifaye ne ke tsakurar abincin, sai ta riƙa rawa. Idan babba ya haɗiya ya juya, sai ta nutse baki ɗaya. Tarwaɗa da kurungu sun fi kiwo a ƙasa, don haka ake tsawaita zaren da ke tsakanin totuwa da ƙugiya, a maƙala masa ɗan nauyi. Sai dai zaren a ɗaure yake da kan sanda, iyakar tsawonsa iyakar inda ƙugiya za ta kai.

Wannan iyaka ce masu fatsar nishaɗi a Ingila suka nemi ƙetarewa. Suna kamun kifayen ruwan daɗi waɗanda ba na dangin salmon ba, su auna su, su mayar da su ruwa da rai, kuma doka ta hana wannan kamu a kogunansu daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni saboda lokacin ƙwai. A koguna irin Trent sukan saki totuwarsu ta bi gudun ruwa zuwa nesa, suna ba ta zare a hankali. Ɗaya daga na'urorin da suka yi suna a wannan aiki ita ce ABU 506 ta ƙasar Suwidin. A Amurka kuwa kamfanin Zebco ya fitar da irinta tun 1949, bisa ƙirƙirar R. D. Hull.

Ana naɗe zaren ne a kan ƙaramin kwarkwaro da aka rufe da murfi mai rami a tsakiya. Kwarkwaron ba ya juyawa. Idan aka danna gaban na'urar da yatsa, sai wata 'yar fil da ke tare zaren ta shige ciki, zare ya riƙa zamewa ta ramin. Da an murɗa hannun na'urar sai fil ɗin ta sake fitowa ta kama shi. Hannu ɗaya ya isa, kuma iska ba ta samun damar cakuɗa zaren. Rauninta shi ne an yi ta domin siririn zare da ƙananan kifaye. Idan babban kifi ya ja da ƙarfi, zaren yakan nutse cikin naɗin da ke ƙarƙashinsa, ya daina fita sumul. Wannan kaɗai ya rage mata amfani ga mai neman ƙatuwar tarwaɗa, balle da rani, lokacin da gulbi kan tsinke ya koma gurabe marasa gudu.

Ga masu aikin ƙirƙirar kalmomi, "kwarkwaro" ta fi dacewa da ita bisa doguwar jimlar bayani, domin masaƙa sun san zaren da ke warwarowa daga cikin ƙoshiya. Bambancin kawai shi ne na masaƙi yana juyawa.

Abin da ya fi shafar yankin a cikin kayan fatsar shi ne ɗan nauyin da ake maƙala wa zare. Bisa al'ada da dalma ake yin sa, kuma masu fatsa da yawa da haƙori suke matse shi. Ingila ta haramta yawancin ƙananan nauyin dalma a 1987, bayan an gano suna kashe manyan tsuntsayen ruwa da ake kira suwan. A 'Yargalma ta ƙaramar hukumar Bukkuyum, da Dareta da Bagega ta Anka, gubar dalma ta bayyana a 2010, ta kashe yara sama da 400 a jihar Zamfara. Ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ce ta jawo wannan, kamun kifi ba shi da hannu. Amma jinin yaron da ya taɓa ɗaukar dalma ba shi da sauran wurin ƙari, kuma yara ne suka fi yin fatsa. Ƙaramin noti na ƙarfe ko tsakuwa mai ƙugu da za a ɗaure da zare suna nutsar da ƙugiya kamar yadda dalma take yi.