Kafin Ka Sayi Kuronogiraf, Duba Kuloci da Mai Gyara

Kuronogiraf agogo ne mai aiki biyu. Yana nuna lokaci kamar kowane agogo, kuma a cikinsa akwai ma'aunin gudu da ake tayarwa da tsayarwa da maɓallin sama, a mayar da shi sifili da na ƙasa. Sunan yana nufin mai rubuta lokaci, ya kuma samo asali ne daga na'urar da Nicolas Rieussec ya ƙera a Faransa a 1821 don auna sukuwar dawaki, wadda ke ɗiga tawada a fuskar agogo. A yau in masu tara agogo suka haɗu, tambayar farko ita ce wane ƙarfe ne ke ba da umarnin tashi da tsayawa a cikin injin. A ganina an ba wannan tambaya girman da ya wuce ƙimarta, har ta rufe abubuwan da za su fi damun mai agogo bayan shekara biyar.

Hanyoyin ba da umarnin biyu ne. Ta farko ɗan faifai ne mai ginshiƙai a tsaye, kamar zankwayen soron sarki. Duk dannawa yana juyawa taki ɗaya, sandunan injin su faɗa tsakanin ginshiƙan ko su hau kansu. Ta biyu ita ce kam, ƙarfe mai lanƙwasa da ke kai da komowa yana tura sandunan. Mai ginshiƙai ya fi wuyar yankawa da daidaitawa, shi ya sa ake ɗaukarsa na manya. To amma dubi Omega Speedmaster. Wanda Buzz Aldrin ya ɗaura a kan wata a 1969 injinsa 321 ne, mai ginshiƙai, alhali tun 1968 kamfanin ya soma maye gurbinsa da 861 mai kam, kuma NASA ta ci gaba da amfani da agogon. Dubi kuma Valjoux 7750 da Edmond Capt ya tsara a farkon shekarun 1970: kam gare shi, kuma Breitling da IWC da TAG Heuer duk sun sa shi a agogunansu shekara da shekaru. A ɗaya gefen, injin Seagull ST19 na Tianjin a ƙasar Sin, wanda aka gada daga Venus 175 na Suwizalan, mai ginshiƙai ne, kuma yana cikin mafi araha a duniya. Ashe ginshiƙai su kaɗai ba sa shaidar inganci.

Masu son ginshiƙai za su ce abin a yatsa yake: maɓallin yana shiga da laushi, tashi da tsayawa nauyinsu ɗaya, na kam kuwa dannawar farko sai ka sa ƙarfi. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya sayi agogo don jin daɗinsa. Za su ƙara da kyan gani da daraja a kasuwa. Ai Omega da kanta ta dawo da 321 a 2019 don masu nemansa. Wannan ma na yarda. Sai dai hujjojin nan duka na sha'awa ne. Babu ɗaya da ta nuna agogon zai fi riƙe lokaci ko ya fi daɗewa.

Abin da ke sauya halin agogo a hannu shi ne kuloci, wato yadda ma'aunin gudu ke kama injin da ke tafiya. A kulocin kwance, faifai mai haƙora ne ke matsowa daga gefe ya cije wani. In ƙarshen haƙori ya ci karo da ƙarshen haƙori, za ka ga dogon hannun daƙiƙa ya ɗan zabura kafin ya kama tafiya, kuma barinsa yana aiki dare da rana na cin haƙoran. A kulocin tsaye, faifai biyu ne ke mannewa sama da ƙasa, irin na mota. Hannun na tashi sumul, kuma kana iya barinsa yana zagaye kullum. Seiko 6139 ya zo da kulocin tsaye a 1969, Rolex ma ta sa shi a injin 4130 na Daytona a 2000. Duk da haka Patek Philippe da A. Lange & Söhne suna riƙe da na kwance a manyan agogunansu masu wani da hannu, domin ana ganin aikinsa a fili, kuma mai gyara na iya warware shi ya daidaita. Na tsaye sau da yawa sai dai a musanya shi ɗungurungum.

Akwai kuma batun gini. Zenith El Primero na 1969, mai bugu 36,000 a awa, an tsara shi ne tun daga tushe a matsayin kuronogiraf. Calibre 11 na Heuer da Breitling, na shekarar nan dai, hawa biyu ne: injin lokaci daban, na awo daban, aka ɗora. Irin wannan ɗori na nan har yau, kuma sau da yawa za ka gane shi in ka juya agogon ta gefe, ka ga maɓallan awo ba sa layi ɗaya da na saita lokaci. Yana aiki lafiya, amma masu gyara da yawa ba sa son buɗe shi.

Nan ne lissafin mai saye a Kano ko Damagaram ya bambanta da na mai saye a Janeba. Man da ke cikin inji yana bushewa, ƙurar hunturu na shiga ta bakin maɓallai in robarsu ta tsufa, kuma kuronogiraf ya fi agogon yau da kullum yawan ƙananan ƙarafa nesa ba kusa ba. Injin da kamfani ya ƙera wa kansa shi kaɗai, yawanci sai an aika da shi waje, a jira watanni, a biya da kuɗin ƙetare. Shi kuwa 7750 da ɗan'uwansa Sellita SW500, kayansu sun wadata, kuma duk mai gyaran da ya koyi kuronogiraf da wuya bai taɓa warware ɗayansu ba.