Kafin ka tsallaka da kaya daga Dantokpa

'Yan kasuwar Dantokpa ta Kwatano ba su manta da Agustan 2019 ba. Nijeriya ta rufe iyakar Seme sai Disambar 2020, shinkafar Tailan da Indiya ta yi kwantai a Kwatano, masu bin bashi kuwa ba su daina sallama ba. Bayan juyin mulkin Nijar a Yulin 2023, hanyar Malanville zuwa Gaya ma ta toshe.

Da yawa daga cikinmu a Zongo da fito muka saba: kaya ya sauka a tashar jirgin ruwa, mu tsallakar da shi. Ribar nan daga bambancin kuɗin duwan na Benin da Nijeriya take fitowa, kuma sa hannu ɗaya a Abuja ya isa ya shafe ta. Mai ƙaramin jari shi ke fara durƙushewa, don ba shi da ƙarfin jira.

Kayan da ƙasar Benin ta haifa, irin garin rogon Savalou, abarbar Allada da man kaɗanya, su ne ke da kariya. Tsarin CEDEAO ya yafe musu kuɗin duwan, sai dai kayan da aka sarrafa na buƙatar amincewar hukuma da takardar shaidar asali. Mafari shi ne rajista a hukumar APIEx da lambar haraji ta IFU. Ana gudun takarda saboda haraji, na sani, amma abin da ake zubarwa a shingayen hanya shi ma haraji ne, marar rasit.

Takarda kuma ba ta rufe aibin kaya. A ƙarshen 2016 gwamnatin Benin da kanta ta dakatar da kai abarba Turai, saboda maganin da ake fesa mata don ta yi launi ya wuce ƙa'ida. Mai saye na waje gwaji yake yi, rantsuwar dillali ba ta dame shi ba. A kuma tambaya kafin a zuba jari: a Afrilun 2024 an hana fitar da ɗanyen kashu da waken suya, don masana'antun Glo-Djigbé su samu.

Sai batun kuɗi. Sefa a ɗaure take da Yuro, Naira kuwa ta zube tun Yunin 2023. In za ka ba abokin ciniki na Legas kaya bashi, ku yanke farashi da Sefa, a rubuce, gaban shaidu. In ya biya da Naira, ka canza ta a ranar.