Maganin da ke sakin kansa sannu a hankali: abin da Riyadh ke nema a haidirojel

Likita ya rubuta wa mai ciwon ido maganin ɗigawa sau huɗu a rana har wata guda. Makon farko ana kiyayewa, na biyu mantuwa ta shigo. Ko an ɗiga ma, hawaye da ƙifta ido na wanke mafi yawansa, abin da ke ratsawa ciki bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Irin wannan asara ce ta karkato hankalin masu binciken magunguna a Riyadh zuwa ga haidirojel.

Wanda ya taɓa ganin romon ƙafar saniya ya kwana ya daskare, to ya ga irinsa: zaruruwa ne da suka sarƙe da juna, suka sha ruwa suka kumbura ba tare da sun narke ba. In aka cusa magani a tsakaninsu, sai ya riƙa tsattsafowa kaɗan-kaɗan, kuma tsananin sarƙewar ce ke ƙayyade saurin fitarsa. Otto Wichterle da Drahoslav Lím suka bayyana na roba na farko don aikin likita a birnin Prag a 1960.

Babban abin da ke tura Riyadh shi ne ciwon suga. Ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta 2021 ta nuna manya fiye da miliyan 4 ke fama da shi a Saudiyya. Ciwo ne mai cin ido, mai barin gyambon ƙafa da ke ƙin warkewa, kuma duka biyun suna son magani ya zauna a wurin ciwon, kada ya bazu jiki duka. Asibitin Ido na Sarki Khalid da ke birnin ya san nauyin wannan. Ga kuma azumi: marasa lafiya da yawa kan sauya lokutan maganinsu a Ramadan, wasu ma su daina ɗiga na ido da rana don gudun karya azumi. Maganin da za a sa sau ɗaya ya yi makonni yana rage wannan damuwa ƙwarai.

Sai batun kuɗi. Saudiyya na shigo da mafi yawan magungunanta daga waje, kuma tsarin bunƙasa fasahar halittu da Yarima Muhammad bin Salman ya ƙaddamar a Janairun 2024 na son a riƙa yin su a gida. Kwalejin Harhaɗa Magunguna ta Jami'ar Sarki Sa'ud, wadda aka kafa a 1959, na cikin masu wallafa bincike kan wannan fanni.

Amfanin kam ya tabbata. Dextenza, wanda Amurka ta amince da shi a 2018, ɗan siririn haidirojel ne da ake sa wa a magudanar hawaye bayan tiyatar ido, ya yi ta sakin magani har kwana 30, sannan ya narke. Cervidil kuwa, na shirya bakin mahaifa don naƙuda, yana da zare, in naƙuda ta tsananta ungozoma ta ja shi waje. Wannan zaren ya fi burge ni, domin abin tsoro a maganin da ya riga ya shiga jiki shi ne yadda za a tsayar da shi.

Amma duka biyun daga Amurka da Turai suka fito, kuma a nan nake ganin jarrabawar Riyadh take. Wallafa bincike ya fi sauƙi nesa ba kusa ba kan samar da maganin da Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya za ta sa wa hannu. Dalili kuwa, haidirojel kan amayar da kaso mai yawa na maganin a sa'o'in farko. Tururi ko hasken da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi kan ɓata sarƙar. Wasu nau'o'in ma zafi ne ke daskarar da su, wanda matsala ce a Riyadh, inda zafin bazara ke haura digiri 43. Cervidil kansa a firiza ake adana shi, abin da ke nufin kai shi asibitin karkara a Katsina ko Maraɗi babban aiki ne.

Cikin abubuwan da masu bincike ke gwada haɗa haidirojel da su har da ƙaro, wanda Yobe, Borno da Jigawa ke fitarwa ɗanye a buhuna. Jami'o'inmu da ke da tsangayar magunguna, irin su ta Ahmadu Bello a Zariya da ta Bayero a Kano, suna da hurumin shiga wannan aiki tun yanzu, musamman wajen neman nau'in da zai jure zafi ba tare da firji ba.