Ƙwallon Lambu: Sana'ar da Ake Farawa da Ɗaukar Jaka

A Agoè, arewacin birnin Lome, ba nisa da Zango, akwai filin Golf Club du Togo. Ga mafi yawan mutanen Zango, golf wasan jakadu ne da masu hannu da shuni. Sai dai akwai masu ci da iyali da shi, kuma da yawa daga cikinsu da ɗaukar jakar wani suka fara.

Yaron jaka yana biye da maigida, rataye da sanduna har 14. Shi ke goge su, shi ke cilla ciyawa sama don gane inda iska ta dosa, ya tsuguna ya duba gangaren ƙasa kafin a tura ƙwallo rami. A haka ido ke buɗewa. Seve Ballesteros na Sifen da Lee Trevino na Amurka duk sun yi wannan aiki kafin duniya ta san su.

Yammacin Afirka ma ta taɓa zama matakalar gwanaye. Vijay Singh, ɗan ƙasar Fiji, yana koyar da wasan a tsibirin Borneo kafin ya zo Legas ya lashe gasar Nigerian Open a 1988, ya maimaita a 1989. Ya ci gasar Masters a 2000, sannan a 2004 ya ture Tiger Woods daga matsayi na ɗaya a duniya. A 1988 ɗin kuma Peter Akakasiaka na Najeriya ya buga babbar gasar Open a Ingila.

Amma sana'ar ba ta da albashin wata. Babbar gasa kwana huɗu ce, ramuka 72. Bayan kwana biyu ake tankaɗe da rairaya, a sallami kusan rabin 'yan wasa, galibi ba ko sisi, alhali kuɗin jirgi da masauki da ladan yaron jaka duk daga aljihunsu suke fita. Shi ya sa da dama ke zama a kulob suna koyarwa.

Ke nan, abin da ke tsayar da haziƙin yaro shi ne guzuri. Attajiran Zango da ke saya wa ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa riguna, ya kamata su waiwayi yaran da ke ɗaukar jaka a Agoè.