Ɗumame Ko Sabon Girki? Abin Da Ya Sa Kamfanonin Gem Ke Maimaita Tsohuwar Taswira

Duk wanda ya saba shiga kasuwar hatsi ta Dawanau da ke kan hanyar Katsina ya san layukanta ba sa tashi daga inda suke. Inda ya bar 'yan wake bara, nan zai same su bana. Amma kasuwar lokacin kaka, da tireloli ke sauke riɗi da zoɓo da masara, daban take da kasuwar tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, farashi ya hau. Wuri ɗaya ne, ciniki ne ya sauya. Babu ɗan kasuwar da zai ce tunda ya shiga Dawanau bara, bana ba shi da abin gani.

Irin wannan muhawara ce ta daɗe tana raba kan masu buga gem, daga Japan har zuwa gidajen gem na unguwannin Kano da garuruwan da ke kewaye da ita. Idan kamfani ya fitar da kashi na biyu na wani wasa, sai mai wasa ya tarar da tituna da duwatsu da kogunan da ya haddace a kashi na farko, shin an cuce shi ne ko an kyauta masa?

Tambayar tana da nauyi ga aljihu. Sabon babban gem yanzu dala 70 ake sayar da shi, kuɗin da ya haura naira dubu 70, wato mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2024. Matashin da ya tara kuɗinsa daga dako ko awon hatsi, ko mai gidan gem da ke son abin da zai riƙe masa yara, dole ya san abin da zai saya.

Me ya sa taswira ke da tsada?

Wasannin buɗaɗɗiyar duniya su ne waɗanda ake sakin mai wasa a fili ya nufi inda ya ga dama, kamar GTA San Andreas da ya yi tashe a kan PlayStation 2 a ƙasar nan. Gina irin wannan fili aiki ne na shekaru. Masu zane za su ƙera kowane gini da bishiya da dutse. Masu rubuta manhaja za su tsara yadda na'ura za ta riƙa ɗauko ɓangaren da mai wasa ya tunkara tana sauke wanda ya bari a baya, domin ƙwaƙwalwarta ba za ta ɗauki duniyar gaba ɗaya ba. Sannan a shata hanyoyin da motoci da mutanen cikin wasan za su bi, a daidaita haske da sauti. Daga ƙarshe masu gwaji su bi lungu-lungu suna neman inda mutum zai maƙale a bango ko ya zurma cikin ƙasa.

Takardun da suka fito a shari'ar hukumar kasuwanci ta Amurka da kamfanin Microsoft a 2023 sun nuna cewa Sony ya kashe dala miliyan 212 wajen haɗa Horizon Forbidden West. Kamfanin da ya zuba irin wannan dukiya a fili ɗaya, da wuya ya so yin watsi da shi bayan wasa guda.

Zelda: tsohon fili, sabon sama da ƙasa

Misalin da ya fi tayar da ƙura shi ne na Nintendo. A watan Maris na 2017 kamfanin ya fitar da The Legend of Zelda: Breath of the Wild, a wata ƙasa ta almara mai suna Hyrule. Bayan shekara shida, ranar 12 ga Mayu 2023, ci gabansa Tears of the Kingdom ya fito a kan wannan ƙasa dai. Shi ne kuma wasan Nintendo na farko da aka sa wa dala 70. Tun kafin ya fito wasu suka yi ta cewa ƙarin kaya ne kawai aka yi wa sabon suna. Shi kansa jagoran shirin, Eiji Aonuma, ya bayyana cewa wasan ya samo asali ne daga dabarun ƙari da suka yi wa na farkon yawa.

Da wasan ya iso hannun jama'a sai zance ya sauya. An ɗora tsibirai a sararin sama, an haƙa koguna da rijiyoyi a tsohon filin, sannan aka shimfiɗa wata duniya mai duhu a ƙarƙashin ƙasa wadda faɗinta ya yi daidai da na sama. Tsarinta kishiyar na sama ne: inda akwai dutse a doron ƙasa, a can kwari ne. Saboda haka wanda ya haddace tsohuwar taswira ya sami jagora a cikin duhun. An kuma ba mai wasa ikon manna itace da taya da fanka ya ƙera mota ko jirgi, abin da ya sa tafiyar da a da ake yi a kan doki ta koma wani abu dabam. Cikin kwana 3 aka sayar da kwafi miliyan 10.

Unguwar da ta shekara 20 tana aiki

Kamfanin Sega ya daɗe a wannan hanya. Tun 2005 jerin wasanninsa na Yakuza ke komawa unguwa ɗaya, Kamurocho, wadda aka kwaikwayo daga Kabukicho ta birnin Tokyo. Unguwar ƙarama ce, amma shaguna na rufewa wasu na buɗewa, gine-gine na tashi. A Yakuza 0, wanda labarinsa ya koma 1988, rikicin gaba ɗaya a kan wani ɗan kangon fili ne, wurin da doguwar hasumiyar sauran wasannin za ta tsaya daga baya. Wanda ya san rigimar fili a Kano ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Wannan tsari ne ya ba kamfanin damar fitar da wasanni akai-akai, yayin da wasu ke shafe shekara biyar ko shida kafin su fitar da ɗaya.

Masu PlayStation 2 ma sun ɗanɗana irinsa. GTA Liberty City Stories na 2005 birnin GTA III ya ɗauko, ya mayar da labarin baya zuwa 1998, lokacin da babbar gadar birnin ba a gama ta ba, sai jirgin fito ake shiga, ya kuma ƙara babura. Masu kallon Arewa24 sun san wannan daɗi ta wata fuska: garin Daɗin Kowa bai sauya suna ba da aka shiga Sabon Salo, sanin mutanen garin ne ke dawo da mai kallo.

Inda abin ke zama ɗumame

Ba kowane maimaici ne ya yi armashi ba. Da Ubisoft ya fitar da Far Cry Primal a 2016, masu wasa suka ɗora taswirarsa a kan ta Far Cry 4, suka ga koguna da shimfiɗar ƙasa sun zo ɗaya, alhali an tallata shi a matsayin duniyar zamanin dutse, a wata nahiya dabam, kuma a cikakken farashi. Abin da ya ɓata wa mutane rai shi ne su suka gano da kansu. A 2019 kamfanin ya sake salo da Far Cry New Dawn: ya faɗa a fili cewa filin Far Cry 5 ne bayan shekara 17 da faɗuwar makamin nukiliya, ya kuma sauke farashi zuwa dala 40. Haka Spider-Man: Miles Morales na 2020 ya koma Manhattan ɗin wasan 2018 cikin hunturu, a kan dala 50. Da aka zo Spider-Man 2 a 2023 da cikakken farashi, sai aka ƙara yankunan Brooklyn da Queens.

Manoman da ke kewaye da Dawanau sun san ƙa'idar. A wannan yanki mai cunkoson jama'a ba a barin gona ta huta, kowace shekara ita ake nomawa. Abin da ke riƙe ta shi ne takin da ake kai mata da rani, da haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya. Wanda ya koma gona bai kai mata komai ba, shi zai ga sakayya a rumbu.

Kafin a fitar da kuɗi

Akwai tambayoyi uku da za su taimaki mai saye. Na farko, an sauya yadda ake zirga-zirga da faɗa a cikin filin, ko launi kawai aka canza? Na biyu, lokaci ya wuce a duniyar wasan, har abin da ya faru a kashi na farko ya bar alama? Na uku, farashin ya yi daidai da sabon aikin da aka yi? Kallon minti 20 na ainihin wasan a YouTube ya fi tallar kamfani faɗin gaskiya, kuma datar da zai ci ba ta kai kuɗin faifai ba. Wanda bai taɓa buga kashi na farko ba kuwa, babu ruwansa da wannan gardama, domin komai sabo ne a wurinsa. Sau da yawa ma tsohon ya fi araha a hannun masu sayar da na hannu.

Darasin ya shafi matasan Arewa da ke koyon haɗa gem da manhajojin Unity da Unreal da Godot. Kamfanonin Afirka irin su Maliyo Games na Legas da Kiro'o Games na Kamaru ba su da kasafin Sony. Ƙaramar tawagar da ta zauna ta gina wuri ɗaya da kyau, a ce kasuwa irin Dawanau da layukanta da 'yan dako da dillalai da tirelolin da ke zuwa daga Nijar da Chadi, tana iya fitar da labarin kaka, ta dawo da na bazara, ta sake dawowa da na shekarar fari, ba tare da ta sake zana shago ko ɗaya daga tushe ba.